Ranar da Baffa Ya Ƙi Ci

Sallama gare ku, masu biye da ni. Yau ku yi mini haƙuri, ba labarin daɗi na kawo ba, ko da yake na san akwai inda za ku dara. Ni kaina in na tuna, nakan yi dariya hawaye na zuba.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Baturiya. Kada sunan ya ruɗe ku, hasken fata ne ya ja mini shi, ko ƙofar lakkwal, wato makarantar boko, ban taɓa takawa ba. Rugarmu tana gefen hanyar Matankari, in ka fita da sassafe ka iso Dogon Dutsi da hantsi. Iyayena sun rasu ina ƙarama, a hannun ƙanen mahaifina Baffa Sambo na tashi, shi da matarsa Goggo Umma. Abin nan ya faru ba da jimawa ba bayan nasara sun miƙa mulki, sabuwar tutar da ke ƙofar buro, wato ofishin gwamnati, ko koɗewa ba ta fara ba.

Sana'ata tallan nono da man shanu. Saboda haka babu tukunyar da ake ɗorawa don sayarwa a garin nan da ban san ta ba, amma ta ƙofar baya. Na san mai zuba mai da yawa, na san mai maƙo, na san wadda take ɗumama miyar jiya ta rantse da yau aka yi. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba: in tsaya a titi in sa abinci a baki. A gidanmu ba a yi.

A ƙofar bayan gidan kumandan, nasaran da ke riƙe da garin, na fara ganin Ja'afaru. Shi ne kuku. Dogo ne baƙi, da zanen Arawa daga gefen baki zuwa kunne, kullum cikin farar taguwa da wani farin ƙyalle ɗaure a ƙugu da yake kira tabliye. Tun yana ɗan ƙarami aka kai shi madafar nasara, a can ya girma, a can ya koyi komai. Kun san Arawa taubasanmu ne, don haka ranar farko da ya buɗe ƙwaryata cewa ya yi:

"'Yar Hillani, ruwan wane tabki kinka zuba ma nonon ga?"

Na ce, "Wanda Arawa ka wanka ciki, shi ya sa yay yi tsami."

Ya yi dariya har ya dafa bango. Daga ranar nan ban ƙara kai nonon farko gidan kowa ba sai can. Sunansa ma na daina iya faɗa, sai dai in ce Kuku. Mata, kun gane.

Da nasaran ya kwashe kayansa, sabon kumandan ya zo da matarsa, ita kuwa ta ce ba namijin da zai shigar mata madafa. Ja'afaru ya wayi gari ba aiki, sai tukwane biyu da tarin farantai da aka bar masa. Wata safiya ya tare ni a bakin kasuwa.

"So ni kai in buɗe gargot," ya ce. "Wurin cin abinci na gaske, da tebur da benci, wanda direba da komin buro za su zamna su ci awa mutane. Amma ni abincin nasara na sani. Ke kin san kowace tukunya ta garin ga. Ki zagaya da ni in ɗanɗana, in ji abin da bakin mutanenmu ka so."

Na ce, "To ni mi za a ba ni?"

"In an buɗe, ke ta uwar gida."

Na ja gefen mayafina na rufe baki na ce masa Ba'are ba shi da kunya. Amma a ranar sai da na ba wata mata nono na manta ban karɓi komai ba.

Haka muka fara yawon. Ni a gaba da ƙwarya a ka, shi a baya da ɗan nisa, kamar ba tare muke ba. Wurin Inna Thérèse muka fara zuwa, wata bazawara Kirista da take suya a ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, kusa da mishan. Farin masarta yana fitowa daga mai jawur, ciki kamar auduga, ta barbaɗa masa yaji mai ƙuli. 'Yan lakkwal da ma'aikata har layi suke yi. Ja'afaru ya saya a takarda biyu, ya miƙo mini ɗaya.

Na ce, "Na ƙoshi."

Wallahi ƙarya nake, ko furar safe ban sha ba.

Daga nan muka gangara rumfar 'yan tuwo-tuwo a bayan tasha. Akwai wata tsohuwa can, tuwon geronta sai ka sa ƙarfi kafin ka gutsura, miyar kuka da daddawar batso, ta zuba man shanuna a kai yana narkewa yana bin gefen akushi. Ja'afaru ya tsuguna cikin 'yan dako da farar taguwarsa yana ci yana lumshe ido, yana tambayar ta yaushe take sa daddawa, kafin ruwa ya tafasa ko bayan. Tsohuwa ta ce ita tun da take ba a taɓa yi mata tambayar banza irin wannan ba, amma ta ƙara masa miya.

Wata rana muka je wurin Zabarmawa masu kopto, wato kwaɗon zogale da suke yi da ƙuli da albasa. Wata rana wurin wata 'yar Dahome da ke dafa shinkafa da jar miya a zauren gidanta, inda komin buro, wato akawun gwamnati, ke cin rana da cokali suna Faransanci. Na kai shi teburin mai shayi da burodi na bakin hanya. Na kai shi har wurin matan da ba su da rumfa ko kaɗan, waɗanda sai ranar da manyan motocin Damagaram suka tsaya kawai za ka ga sun ɓullo da duwatsun murhu da tukunyar ɗan wake, motoci na tashi su ma su ɓace, ba abin da zai rage sai toka. Shi waɗannan ne suka fi burge shi. Ya ce ashe mutum zai iya ciyar da gari ko ba shi da bango.

A ko'ina, kashi biyu yake saye. A ko'ina, in juya masa ƙeya in ce na ƙoshi.

Bari in tsaya in yi muku bayani, don na ji wasunku sun fara tsaki. Mu a wurinmu akwai filako. Yarinya ba ta cin abinci a gaban wanda zuciyarta ke so. Ba ta tauna ya gani, ba ta haɗiya ya ji. Da a ce Ja'afaru ba kowa ba ne a wurina, da na iya laɓewa bayan rumfa in karɓi masarsa in cinye, ba abin da zai dame ni. Kowace "na ƙoshi" da na faɗa masa, wata magana ce daban nake faɗa. Ni a tunanina yana ji.

Ashe shi a inda ya tashi ba haka ake karanta abin ba. Ya taɓa gaya mini cewa a gidan nasara, in faranti ya dawo madafa a cike, to kuku ya shiga uku. Ba zagin da ya fi wannan. Na ji maganar, amma ban kawo ta kaina ba.

Ranar da abin ya fara tsami, wurin Jibo mai balangu ne a bakin tasha. Jibo gwani ne, naman ragonsa yana shan wuta a hankali tun safe, ya yayyanka a takardar siminti ya zuba yaji da albasa. Amma bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi. Ja'afaru ya miƙa hannu zai nuna tsokar da yake so, sai Jibo ya janye tiren.

"A'a, Kuku! Nuna daga nesa. Hannun da yas saba da naman nasara kar shi taɓa mini nawa, ina da masu saye."

Mutanen da ke wurin suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "An ce har alade kana gasawa."

Ja'afaru ya ce, "Ban taɓa ba. Kumandan ya san ni Musulmi na, wani ka yi mishi wannan."

"To, mu dai ba mu gani ba."

Ya saya duk da haka, kashi biyu kamar kullum. Da muka bar wurin ya tsaya a gindin wani gawo ya miƙo mini. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Baturiya, ko yanka ɗaya."

"Na ƙoshi."

"Kullum kin ƙoshi. Ko ke ma hannun nawa kika ƙyama?"

Kun san abin da ya kamata in ce. Ni ma na sani. In ce masa don ina son ka ne ba na ci? Ai wannan ya fi cin abincin ma kunya sau goma. Sai na sunkuyar da kai ina wasa da awarwarona na ce rana ta yi, Goggo na jira.

Washegari Inna Thérèse ta riƙe mini hannu lokacin da nake auna mata mai.

"Ɗiyata, mi kika yi ma yaron ga? Jiya nan yaz zamna bai ce uffan ba."

Na gaya mata gaskiya, don ita mace ce. Ta saki baki.

"Ke hwa! Shi wanga da yag girma cikin tukwanen nasara, ina shi ina sanin filako? Hwaɗa mishi. In ba ki iyawa, ni in hwaɗa."

Na ce, "Inna, don Allah kar ki hwaɗa. In yaj ji, ba ni ƙara iya duban idonai."

Ta ce to, amma ranta bai so ba.

A gida kuma wata wutar ke ci. Labarin yawonmu ya riga ni isa ruga. Na tarar da Goggo Umma a bukka tana goge ƙorenta na jere, waɗanda ba ta bari kowa ya taɓa, ko sallamata ba ta amsa ba.

"An ce kin zama 'yar rakiyar mai tuƙa tuwo."

"Goggo, ba tuwo shika tuƙawa ba."

"Ko mi shika tuƙawa! Namiji da ɗaurin zane a ƙugu, ba shi da ko akuya. In anka tambaye ni wa ɗiyata ta aura, in ce mi? In ce muciya?"

Kullum haka, safe da yamma. In ina tatsa ta zo ta tsaya a kaina, in ina kaɗa nono ta zauna a gefena. Ba mugunta ba ce, ita ta goya ni, tsoro take kada in shiga gari in lalace. Baffa Sambo kuwa mutum ne mai shiru, mai yawan carbi, wanda ko a kasuwar shanu in ya ce saniya lafiyarta lau, ba mai sake duba haƙorinta. Ba kuma baƙon abincin kasuwa ba ne, duk Juma'a yakan shiga cikin rumfar Jibo da sauran dillalai su ci balangu. Mai sayar da abinci ba abin jin kunyarsa ba ne.

Sai da aka kwana biyu sannan ya ce, yana duban shanu ba ni ba, "Na ji yaron zai yi girki ranar feti. Za ni in gan shi da idona."

Haka ne. Ja'afaru ya yanke shawarar ba zai jira ya sami rumfa ba. Ranar feti, wato bikin Jamhuriya, da gari ke cika da mutanen ƙauye, zai yi irin ta matan ɗan wake: ya kafa murhu a gindin gawon nan na tasha, yini ɗaya tak, kowa ya ci kyauta ya ji hannunsa. In gari ya karɓa, ya buɗe gargot ya turo manya gidanmu. Ya sayar da kekensa ya sayi rago, ya kira liman ya yanka a bainar jama'a don bakin Jibo ya mutu. Inna Thérèse ta aro masa tebura da bencina daga lakkwal ɗin mishan. Ni na kai masa man shanu cikin ƙwaryar da ta fi kowace kyau a jeren Goggo, ba da saninta ba.

Ranar na yi kwalliyar da ban taɓa yi ba. Baƙin saƙi mai ratsin fari na ɗaura, da 'yar rigar da ta tsaya iya cibiya, na zuba murjanin mahaifiyata a wuya, kitson da aka yi mini kwana biyu ana yi ya sha mai da 'yan azurfa. Goggo ta dube ni ta taɓe baki, amma ita ma ta ɗauko sabon mayafinta ta biyo mu.

Da la'asar muka isa. Ƙamshi ne ya fara tarbar mu tun daga bakin kasuwa. Ya shimfiɗa fararen ƙyallaye a kan tebura, ya jera farantan nasara. Ga shinkafa da ta sha man shanu, ga naman rago da ya dahu da albasa har yana rabuwa da ƙashi, ga zabi gasassu. Sannan ga wata miya a gefe, da na leƙa sai na ga kuka ce da daddawar batso irin ta tsohuwar bayan tasha, ga kopto irin na Zabarmawa. Duk inda muka taka, ya ɗauko wani abu ya kawo teburin nan. Yawonmu ne gaba ɗaya a jere.

Mutane sun cika wurin, amma ba wanda ya zauna. Sun yi da'ira suna kallo, kowa na haɗiyar yawu, kowa na jiran wani ya fara. Jibo na tsaye a gaba ya harɗe hannu.

Da aka ga Baffa Sambo sai aka dare. Na ji wani yana raɗa, "Yawwa. In dattijon ga yac ci, to halal na."

Ja'afaru ya taho da sauri, sabon tabliye fari fat a ƙugunsa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Baffa ya amsa a hankali, ya daɗe yana dubansa, ya dubi teburan, ya dubi yadda aka wanke komai tas. Ya zauna a bakin benci. Ja'afaru ya zubo abinci da hannunsa a farantin da ya fi kowane kyau, mai zanen shuɗin fure a baki, ya kawo da buta da ruwan wanke hannu, ya ajiye ya koma gefe ya tsuguna.

Kowa ya zuba wa Baffa ido.

Baffa ya dubi farantin. Sai na ga ya sunkuyar da kai, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, ya juya jikinsa gefe. Ya ɗan jima a haka, sannan ya miƙe, ya ce "Allah shi yi albarka" can ƙasa-ƙasa, ya ɗauki sandarsa ya bi ta cikin mutane ya fita.

Jama'a, zuciyata ta yi tsalle! Na ji kamar in yi guɗa. Baffa da ke cin naman Jibo ba ko ɗar, yau ya rufe baki a gaban Ja'afaru. Bafillace ba ya ci a gaban surukinsa. Da ya ɗauke shi mai sayar da abinci, da ya ci ya wanke hannu ya tafi. Ƙin cin nan, amincewa ce. Goggo ma ta gane, don na ji ta ja dogon numfashi ta ce, "Shi ke nan, an gama da ni."

Amma mu uku ne kawai a duk taron nan muka ji haka.

"Kun gani ko?" in ji Jibo da ƙarfi. "Dattijo ya shinshino abin da mu ba mu shinshino ba!"

Sai guna-guni ya tashi. Na baya suka fara zamewa. Wata mata ta fizge hannun 'yarta da ta matsa kusa da tebur. Kafin ka ce me, da'irar ta yi ɓaraka ta ko'ina.

Ja'afaru ya miƙe a hankali. Ya ɗauki farantin nan mai shuɗin fure, ya tako har gabana. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Baturiya," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Ke kin san inda kowane abu na cikin ga yah hito. Tare munka zagaya. Loma guda, gaban mutanen ga. Ita kaɗai ni ka roƙo."

Ni kuwa farin ciki ya cika ni har ya toshe mini kunne. Mutumin da Baffa ya karɓa yanzun nan, mijina ke nan, shi ne zan buɗe baki in tauna a gabansa, a gaban Goggo, a gaban gari? Hannuna ya ɗan ɗaga da kansa, Goggo ta mintsine ni a cinya. Sai na ja mayafi na rufe fuska. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, murmushi nake yi a ƙarƙashin mayafin, kuma na san ya gani.

Ja'afaru ya juya ya ajiye farantin a kan tebur a hankali, kamar mai gudun kada ya fashe.

Goggo ta ja ni muka tafi, rana ta yi ƙasa, shanu na jiran tatsa. Na waiwaya ina neman Inna Thérèse in yi mata ko da alama ce, ban hango ta ba, tana can bayan tukwane. Na ce a raina ba komai, gobe da sassafe zan sake mata baki ta gaya masa duka, mu yi dariyar abin. A hanya muka cim ma Baffa. Ya ce wa Goggo, ba ni ba, "Yaron na da tsabta, kuma shina da ladabi. A ce mishi shi turo manyanshi." Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har ruga.

Washegari ko nonon kirki ban tsaya aunawa ba. Na iso gindin bedi ina haki. Inna Thérèse ba ta ɗora mai ba, tana zaune a kan kujerarta ta 'yar tsugunno, ta zuba tagumi.

"Inna, albishirinki! Baffa ya yarda! Ƙin cin da yay yi jiya, ai shi na..."

"Ya tahi, ɗiyata."

"Wa?"

"Ja'afaru. Motar Yamai ta asuba."

Na sauke ƙwaryar don kada ta faɗi. Ta ce bayan tafiyarmu ba wanda ya zauna a teburan nan. Direbobi baƙi ne kawai suka ci, su da ba su san komai ba, sauran ya sa aka kai gidan kaso. Ta ce ta gaya masa zancen filakona, ta karya alkawarin da ta yi mini, amma na Baffa ita ma ba ta gane ba, ta ɗauka ƙi ne.

"Mi yac ce?"

"Cewa yay yi, 'Inna, kar ki lallashe ni. Na roƙe ta gaban duniya tana dariya.' Yac ce garin da ba a cin abincin hannunka, ba garinka ba na."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe cikin farin tabliye. Ta kwance. Farantin nan ne mai shuɗin fure, an kife shi da wani.

"Wanga kaɗai yah hana a taɓa. Yac ce in ba ki, ki kai ma karnukan ruga in kin ga dama. Na ɗumama shi da sahe, ban san dalili ba."

Ban san lokacin da na ɗauka ba. Ban zauna a wurinta ba, na miƙe da farantin a hannu na nufi tasha, tana kirana ban juya ba. Gindin gawon ba kowa, sai duwatsun murhu da toka. Na zauna a ƙasa a tsakiyar tasha, a gaban 'yan dako da direbobi da masu talla, a gaban rumfar Jibo, na yaye mayafina na sa hannu.

Ban taɓa cin abu mai daɗin wannan ba. Man shanuna ne a ciki, na gane shi. Ina ci ina kuka, hawaye na zuba a cikin shinkafar, ina haɗawa da su ina haɗiyewa. Mutane suka taru. Na ji ana cewa 'yar Fulanin nan ta zautu, wata ta ce iska ce ta hau ta. Ban damu ba. Duk kunyar da na yi wata da watanni ina tattali, ga ta nan na zubar a banza, wanda aka yi dominsa ba ya nan.

Sai inuwa ta rufe ni. Na ga sanda, na ga takalman fata da na sani. Baffa Sambo ne, ya shigo gari neman wanda zai kai saƙo ga manyan Ja'afaru, Inna Thérèse na bayansa tana share ido. Ta riga ta gaya masa.

Na daskare da loma a hannu. Na jira sandar ta sauka a kaina.

Sai Baffa ya jingine sandar a jikin gawo, ya tsuguna a gabana, dattijon da ko ruwa ban taɓa ganin ya sha a gaban 'ya'yansa ba. Ya sauke rawanin daga bakinsa. Ya yi bisimilla da ƙarfi yadda har Jibo sai da ya ji, ya sa hannu a farantin surukinsa ya ɗebo ya kai baki. Ya tauna a hankali, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ashe haka yaron ga ya iya," ya ce.

Ya suɗe yatsunsa, ya miƙe, ya juya wajen 'yan kamasho.

"Motar Yamai ta gaba, yaushe ta ka tashi?"